Yadda Koriyanci Ya Kife Jirgin Kawuna

Gara in faɗa tun da wuri kada wani ya riga ni: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Akwai waɗanda suka taimaka, amma ba zan raba ladan da kowa ba.

A wancan lokaci ni ne mai ilimin garinmu, wani ƙauye a bakin fadama kusa da Auyo. Na yi aji biyu da rabi a elementare ta Haɗejiya kafin malaminmu ya kira mahaifina ya shaida masa cewa abin da kaina zai ɗauka ya riga ya ɗauka, sauran a bar wa fadama. Na dawo gida da abacada, da ɗan lissafi, da guntun fensir da nake saƙalawa a kunne ko da ina cikin taɓo har gwiwa. Ina da mata, ina da 'ya, ina da gemu mai niyyar fitowa.

Da aka gama yaƙin Bama, wani mutumin garinmu ya dawo daga soja da akwatin ƙarfe, da takalma da ba ya sawa sai ranar Juma'a, da tari. Kowa Kofur yake ce masa. Sauran waɗanda suka dawo sun zo da labarin kurmi da macizai da ruwan sama da ba ya ɗaukewa. Shi yare ya zo da shi.

Wai bayan Jafan sun ajiye makamai an ba su Kofur gadin fursunoni masu gyaran hanya. A cikin fursunonin akwai wasu da ke zama gefe guda, ba sa haɗa kwano da sauran. Ashe ba Jafan ba ne, mutanen wata ƙasa ce da ake kira Koriya, Jafan ɗin ne ke mulkinsu suka kwaso su dole. Kofur ya ce da ya ji haka nan take ya gane su, domin shi ma ba wanda ya tambaye shi ko yana da wata rigima da Jafan kafin a cusa shi a jirgin ruwa. Mai dafa musu abinci, shi ma ɗan Koriya, ya zama abokin hirarsa. Abin da ya haɗa su kuwa gardama ce a kan shinkafa. Kofur, ɗan fadama, ya leƙa tukunya ya ga ta cakuɗe kamar za a tuƙa tuwo, ya nuna da hannu cewa an ɓata ta. Mai dafawar ya nuna masa da ludayi cewa ya koma bakin gadinsa. Daga nan suka yi watanni suna musayar kalmomi.

Ni kaɗai na nemi ya koya mini. Bayan la'asar muke zama gindin tsamiyar ƙofar gidansa, in kai masa tarwaɗa in an samu, in ba a samu ba in kai masa kunnena kawai.

"Yaren nan," in ji Kofur, "duk ƙarfinsa a wutsiya yake. Ɗauki tafiya. Gindin maganar *ka* ne. In da babba kake magana, ka ɗaura mata doguwar wutsiya: *kamnida*. In tambayarsa kake yi ko zai tafi, *kamnikka*. In mutum ne da kake ganin mutuncinsa amma gabanka ba ya faɗuwa in ka gan shi, *kayo*. In ƙanenka ne ko yaro, ka bar ta guntuwa ba wutsiya: *ka*."

Na ce, "To cin abinci fa?"

"*Moksumnida*, *mogoyo*, *mogo*. Amma in dattijo ne ke cin, akwai wata kalma daban, don cin dattijo ba irin naka ba ne."

"Wace ce?"

"Na san ta. Ta faɗa teku a hanyar dawowa."

Ya kuma ce aikin da ake magana a kansa sai can ƙarshe yake zuwa, kamar na Barebari. Mutum zai ambaci kasuwa, ya ambaci jaki, ya ambaci gobe, kana tsaye ba ka sani ba zuwa zai yi ko sayarwa ko fasawa, sai ya kai ƙarshe. Mu da kakanninmu suka ajiye sandar kiwo suka ɗauki lauje, duk abin da ya yi kama da na Barebari da tausayi muke karɓarsa, saboda haka na gyaɗa kai. Kofur ya ce shi ya sa a can ba a katse mai magana, ba kuma a tashi sai ya dire. Wannan ma na gyaɗa kai, irin gyaɗawar da nake yi wa huɗuba.

Abin da ya fi shiga kaina shi ne da ya ce ɗan Koriya kafin ya damu da sunanka sai ya san shekarunka, don in bai san wa ya girmi wani ba bai san wutsiyar da zai ɗaura ba, bakinsa a ƙulle yake. Na ce to shi da abokin nasa yaya suka yi, tunda Kofur bai san shekarunsa ba.

Ya ce, "Mun duba muka ga ni ke riƙe da bindiga, sai aka bar mini girman."

Ilimi in ba a aiki da shi ruɓewa yake, haka malaminmu na elementare yake cewa kafin ya kore ni. Na fara da liman. Na durƙusa na gaishe shi, da zan tashi na ce masa *kamnida*. Ya ce amin, ko da addu'a ce. Matata na ba ta guntuwa, na kuma yi mata bayanin cewa wannan ta na ƙasa da kai ce. Ta saurara da kyau. Da yamma tuwo ya fito ba miya. Na tambaya, ta ce shi ma ba wutsiya. Washegari na ƙara mata girma zuwa *yo*, miya ta dawo. Jakina na gwada masa duka ukun, ko kunne bai kaɗa ba.

Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labari.

Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, dogo siriri mai manyan kunnuwa irin na gidansu. Yana da aboki, gajere kakkaura mai sanƙo, sanƙon da ya gada daga ubansa ba ragi. Shekarar wata babbar ambaliya aka haife su, lokacin da gari ke gudu zuwa tudu, kuma ba wanda ya taɓa cewa ga wanda ya riga. Gonakinsu na shinkafa a jere suke a can cikin kwari, inda ruwa ba ya janyewa da wuri, sai dai a shiga da jirgi a yanka. Jirgin kuwa na haɗaka ne. Sun cinye biyu tare, wannan ne na uku.

To, jirgi a wajenmu yana da doka. Babba ne ke tsayawa a baya ya riƙe gwangwala, shi ke cewa a bi nan ko can. Ƙarami a gaba yake, shi ke kwarfe ruwa da ƙoƙo, shi ke dira cikin taɓo ya ja in an kafe, shi ke ɗaukar dami a kai in an iso. Ba a musun wannan, ko tagwaye sun san wanda ke baya. Su biyun nan kuwa sun sami mafita tun suna samari. In za a tafi ɗaya ya riƙe gwangwala, in za a dawo ɗayan ya karɓa. Kowane yana ce wa ɗan'uwansa yaro. Tun daga mashigi har gona zagi ne.

"Yaro, tuƙi kake ko dama fura?"

"Rufe kan nan naka, yaro, yana kashe mini ido."

Mata masu wanki da muryarsu suke sanin hantsi ya yi.

Ana gab da yanka suka ɗauke ni mu je duba gona. Ina zaune a tsakiyar jirgi, ba ni da aikin yi, sai tausayinsu ya kama ni, dattawa biyu sun tsufa ba su san Koriyanci ba. Na ce zan koya musu kyauta. Suka ce to, tunda ba inda za su gudu. Na ce ƙaramin zai tambaya *kamnikka*, babban ya amsa *ka*. Wa ya girmi wani?

"Ni," suka ce a tare.

Na ce yaren ba ya karɓar haka, dole a sami babba. Kawu ya ce to yaren ya sauka ya bi ƙafa. Suka yi dariya, suka koma zaginsu. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. A ganina gari guda ne ke zaune cikin duhu, ni kuma an saƙala mini fensir a kunne.

Ungozomar da ta karɓi haihuwarsu tana nan da rai. Ta tsufa har ta daina ƙara tsufa. Rabin garin ita ta yanke wa cibi, har da ni, kuma tunda ƙawar kakata ce, maigida take ce mini, ni in ce mata amarya. Na same ta a inuwar rumbu tana kaɗi. Na ajiye goro.

"Maigida, yau an tuna da ni? Ko waccan ta kore ka?"

"Amarya, ai ke ce ta gaban goshi. Hira na zo."

Ban tambaye ta kai tsaye ba, ai ina da ilimi. Na ce na ji an ce shekarar ambaliyar nan ba ta yi wani aikin kirki ba, wata ce daga Miga ta zo ta karɓi haihuwa. Ta ajiye mazari. Ta ce wace 'yar Miga? Ita kaɗai, da aska guda da ta dakushe, ruwa yana shigowa ɗaki. Ta yanke cibin ɗan gidan masu sanƙo ana kiran asuba, ko hannu ba ta wanke ba aka ce ga ɗaya can, ta yanke na masu kunnuwa rana tana ɓullowa. Sai ta tsaya, ta dube ni da idonta ɗaya da ke gani.

"Kai, me za ka yi da wannan?"

Na ce ilimi ne kawai. Na yi mata *kamnida* na fita.

Washegari da safe mashigi cike, masu su da masu wanki da masu jiran a ƙetarar da su. Su Kawu suna tura jirgi cikin ruwa. Na hau wani kututture na gyara murya, na shaida wa jama'a cewa bincike ya kammala, mai sanƙo ne babba, tsakaninsu asuba da fitowar rana, daga bakin ungozoma.

Aka fashe da dariya. Mai sanƙo ya fi kowa, har da riƙe ciki. Ya ɗauki gwangwala ya hau baya, ya ce, "Yaro, ɗauki ƙoƙo."

Kalmar da yake faɗa kullum ce tun ba su da gemu. Sai dai ran nan gaskiya ce, kowa kuma ya ji bambancin.

Kawu ya tsaya yana kallonsa. Can ya cire takalmi, ya durƙusa a kan yashi, ya sunkuyar da kai.

"Ina kwana, Yaya. An tashi lafiya? Yaya iyali?"

Dariya ta ɗauke. Mai sanƙo ya ce, "Kai, tashi, mahaukaci." Kawu ya ce, "To, Yaya." Ya miƙe, ya saɓa laujensa, ya nufi gida.

Tun daga ranar haka aka zauna. Kullum da safe Kawu zai je ƙofar gidan abokinsa ya durƙusa ya yi gaisuwa cikakkiya, ba ya tsallake ko akuya. Mai sanƙo ya zage shi, ya ce kunnuwansa kamar faifai. Kawu ya ce, "Gaskiya ne, Yaya." Ya ce masa matsoraci, ya ce masa raggo, ya tono abin kunyar da ya yi a wani biki suna samari. Kawu ya ce, "Allah ya huci zuciyar Yaya." Ni da na je makaranta na lura cewa Kawu ya iya doguwar wutsiya fiye da Kofur, ba tare da ya koyi ko kalma ɗaya ba. Ban faɗa wa kowa ba, don na fara lura da yadda ake kallona.

Jirgi kuwa aka ja shi tudu aka kife. Kawu ba zai shiga ya zauna gaba har ƙarshen ransa ba, mai sanƙo ba zai tura shi ruwa shi kaɗai ba, ya ce rabinsa ba nasa ba ne. Aron jirgi lokacin yanka kuwa, ko ɗan'uwanka ka tambaya zai ce nasa yana yoyo. Shinkafa ta nuna ta sunkuya. Tsuntsaye jan-baki suka fara sauka a kwarin kamar hayaƙi. Matar Kawu ta daina amsa gaisuwata, a kowace wutsiya.

Wata safiya mai sanƙo ya yi sallama a ƙofata. Ya rame, har sanƙon ya daina ƙyalli. Bai zauna ba.

"Kai ɗan boko. Shinkafar tsuntsaye su cinye, Allah ya ba su lafiya. Ka mayar mini da mutumin da ke zagina."

Na tafi wajen Kofur na kwashe duka na gaya masa. Ya yi tarinsa har ya gama.

"Wa ya ce maka dole sai an sami babba?"

"Kai."

"Ni na ce sai an san shekaru. A can in shekara ɗaya aka haife ku, ko da ɗaya da shuka ɗaya da girbi, ba babba ba ƙarami. *Cingu* ake ce muku. Ku biyun duk ku yar da wutsiya, ku yi ta guntuwa har kabari."

"To me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Ina cikin faɗa ka tashi ka tafi gwada wa jakinka. Na ce maka yaren nan sai an jira ƙarshe."

Ya murza taba. Sai ya ce ranar da za a kwashe fursunonin, abokin nasa ya zo ya ce ya yi lissafi, shekararsu ɗaya. Kofur ya ce har yau bai san da me ya yi lissafin ba, tunda shi bai ba shi komai da zai lissafa ba. Abokin ya dafa kafaɗarsa ya ce *cal ka*, wato sauka lafiya, guntuwa ba wutsiya, kamar wanda suka yi wasan ƙasa tare. Kofur ya ce duk *kamnida* da aka yi masa ta watanni, wannan guntuwar kaɗai ya kawo gida ba ta faɗa teku ba.

Wannan karon na jira ya dire. Sannan na ruga da gudu. Na sami Kawu yana gyaran taru, na yi masa albishir cewa a dokar Koriya shi da abokinsa *cingu* ne, ba babba.

"Ni ɗan Koriya ne?"

"A'a, Kawu, amma..."

"Yaya ya fi ni sani. Je ka tambaye shi."

Na je. Yaya ya jefe ni da takalmi.

Matan gidajen biyu ne suka kai maganar gaban ungozoma, ni ba a shawarce ni ba. Abin da na sani kawai, aka aiko a karɓi jakina. Jakin nan da na gwada wa wutsiya uku bai motsa ba, tsohuwa ta ce masa "kai" sau ɗaya ya kama hanya. Aka kai ta mashigi aka shimfiɗa mata tabarma kusa da kifaffen jirgin. Ta sa aka kira su biyun, aka kira liman. Sauran gari ba a kira su ba, amma ba wanda ya rage a gida.

Kawu ya zo ya cire takalmi zai durƙusa wa abokinsa. Ta ce, "Miƙe, kana ba ni kunya."

Ta ce abin da ta gaya wa maigidanta gaskiya ne, ɗaya da asuba ɗaya da fitowar rana. Amma ya fita da gudu bai ji ƙarshen ba. Tana gama yanke na biyu ruwa ya ci gari. Ta zuba jariran biyu a masaki ɗaya, ta ɗora a kai, ta bi ruwa har wuya zuwa tudu. Da aka isa, ga uwaye biyu suna kuka, ga jarirai biyu jajaye ba mai gashi ba mai suna. Wanda hannunta ya fara kamawa ta miƙa wa wadda ke kusa.

"Saboda haka na san akwai na asuba a cikinku. Wane ne, Allah kaɗai ya sani. Wanda ke son girma ya je ya tambayo masakin."

Kowa ya dubi kan mai sanƙo, wanda ba wani a garin da bai san kan ubansa ba. Kowa ya dubi kunnuwan Kawu. Liman ya ɗaga kai yana nazarin wani gajimare da ba shi da komai a ciki.

Mai sanƙo ne ya fara magana, a hankali, kamar mai taka taɓon da bai san zurfinsa ba.

"Ashe ma wataƙila ni na goya ka a masakin, yaro."

Kawu ya sunkuya. Ya mayar da takalminsa ƙafa, ɗaya bayan ɗaya.

"Shi ya sa masakin ke wari," ya ce. "Kama can mu juya jirgin, yaro, ka bar mu tsuntsaye na cinye mu."

Suka kama, suka birkice shi, kunama biyu suka fito a guje. Suka tura shi ruwa suna faɗa a kan wa zai riƙe gwangwala da tafiya. Mata suka koma wankinsu. Matar Kawu ta dubi wajen da nake, ba ta yi murmushi ba, amma ba ta tofar ba.

Ya kamata in yi shiru. Na sani yanzu, a lokacin ma wani ɓangare na kaina ya sani. Amma fensir yana kunnena, kuma bincike bincike ne. Na matsa kusa da tabarmar, na yi magana da muryar da nake zaton ƙasa-ƙasa ce, alhali har masu su sun juyo.

"Amarya, akwai gyara. In da an musanya su, ai da sanƙon yana gidan su Kawu, kunnuwan kuma..."

Ba ta ko juyo ba, tana kallon jirgin yana shiga cikin shinkafa.

"Maigida, kai ma ni na karɓe ka, da askar nan dai. A duk aikina kuskure ɗaya na taɓa yi: na yanke maka cibi na bar harshen."